Sanarwar Shanu Uku

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Littafin nan na saye shi ne don tsara shirina na Kasuwa da Karkara. Yau ga shi ina zuba masa abin da ba zan iya faɗa a mikro ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sashen Hausa a gidan rediyonmu na Djougou, ni Zinatu da ake cewa bakina ba ya gajiya, amma yau sau biyu na karanta sanarwar rigakafin awaki ban sani ba, sai da Mounkaila ya ƙwanƙwasa mini gilashi. Shi ke karanta labarai da harsunan Dendi da Yom bayan na gama nawa.

An ga shanun Kawu Sahabi. Duka ukun, lafiyarsu lau, ko ƙaya ba ta soke su ba. Wanda aka same su a hannunsa ne ba lafiya. Jiya da hantsi mutanen wani ƙauye a hanyar Sérou suka tare shi. Ba zan rubuta abin da Mounkaila ya ce sun yi masa ba. Likitan garin nan ya duba kansa ya ce abin ya fi ƙarfinsu, aka wuce da shi Parakou.

Sunansa Moutari, mutumin Kolokondé. Korar shanu yake yi a ƙasa, daga kasuwa zuwa inda mai saye ya ce a kai.

Ni na karanta sanarwar ɓatan shanun.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina ya daina maimaita mini.

Ran Litinin ana saura minti goma in shiga, sai ga Kawu Sahabi, yayan Innata, ya taso daga Parakou yana huci. Shanunsa uku sun ɓace daga garken da ake yi masa kiwo a nan. Ya miƙo takarda da Faransanci: farin bijimi mai karyayyen ƙaho, jajayen shanu biyu masu tsaga a kunne, wanda ya gani ya kira lamba kaza. Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Dokarmu a sarari take, har a bango aka liƙa ta: sanarwar ɓatan dabba ba ta shiga sai da hatimin komisariya, wato ofishin polis, ko na delege, mai garin ƙauye. Na faɗa masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke 'yar nan, ni za ki tambaya hatimi? Ni da na yanka ragon sunanki?"

Na karɓa.

Kuma ban tsaya inda takarda ta tsaya ba. Duk mai fassara a gidan nan yana sa ɗan gishiri, don takardar Faransanci in ka karanta ta yadda take, ko kaza ba za ta ɗaga kai ba. Da gishirin nan aka san ni. Na ce kada a tsaya neman waya ɓarawo ya wuce. Na ce a tare shi.

Ina fitowa Kawu ya karɓe takardarsa, wai sai yanzu zai kai komisariya. Mounkaila ya shiga ba takarda a hannu, sai ya fassara abin da ya ji daga bakina, ya faɗa da Dendi, ya faɗa da Yom. Haka muke yi duk ranar da takarda ɗaya ce, ba a taɓa samun matsala ba.

Alhamis, bayan magariba

Bai farka ba.

Jumma'a, 8 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Ba sata ba ce. Ziyad ne, ɗan Kawu na cikinsa, ya je garke ya kora shanun ya sayar a kasuwar Kolokondé ba da sanin ubansa ba. Wanda ya saya ya ɗauki Moutari ya kai masa su. Takardar kasuwa tana aljihun Moutari, an ce har ya fiddo ta yana ɗagawa. Ba wanda ya tsaya karantawa.

Direkta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Mutum ne mai tsoron inuwarsa, amma yau ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Pas un mot, Zinatu. Ko tari kada ki yi a kan maganar nan sai polis sun gama bincike. In aka rufe gidan nan, ƙauye nawa za su koma duhu?"

Na ce to a ƙalla a faɗa wa mutane cewa ba ɓarawo ba ne. Ya ce wa zai faɗa, kuma in an faɗa wa za a ce ya sayar da shanun?

Na fito na karanta hasashen ruwan sama.

Asabar, 9 ga wata, hantsi

Matan kulob ɗin saurare na Sérou sun kira cikin shiri, suna murna an gyara famfonsu. Wata uku ina caccakar maganar famfon nan duk Asabar har mai gyara ya gaji da jin sunan ƙauyensu ya je. Shugabarsu ta ce, "Tanti, mu dai in rediyo ta faɗa, an gama."

A da in aka ce mini haka, kaina har kumbura yake. Ni na san wahalar da muka sha. Farkon zuwana, mu ce a kawo yara rigakafi, a kashe rediyo a shiga daji da su. Na bi ƙauyuka a bayan babur da rakoda a cinya, na zauna a tabarmar kowace tsohuwa, na sha ruwan da ba ya shawuwa, har suka fara jin muryoyinsu suna fitowa daga akwatin. Daga nan suka yarda da mu. Mu ce a jinkirta shuka, a jinkirta. Mu ce an ga ciwon kaji a kasuwa kaza, ba mai kai kazarsa.

Mu muka koya musu yardar nan, shekara da shekaru. Ran Talata ma da ita suka fito tare Moutari.

Lahadi, 10 ga wata, la'asar, Parakou

Na shigo taksin safe, na sauka gidanmu a unguwar Ganou. Na ce wa Inna kewarta ta kawo ni. Ta dube ni ta ci gaba da tsince wake.

Na je asibiti. A baranda na sami matarsa a kan tabarma, yarinya ce ma, ba ta wuce talatin ba, da kwanon abinci ba a buɗe ba. Niyyata in gaishe ta kamar mai wucewa in tafi. Ina cewa sannu da jinya sai ta ɗago.

"Wannan murya. Tanti Zinatu ta rediyo ce?"

Na ce ni ce.

Ta tashi ta kakkaɓe mini tabarma, ta ce sunanta Zoulaïha, ta ce ashe har labarinsu ya kai mini, ashe akwai masu tausayi. Tana godiya, tana ƙara godiya. Wallahi da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Ta ja ni ciki. An naɗe kansa gaba ɗaya, sai hanci da baki. Ƙafafunsa na tsaya kallo, duk faso, ƙafar mutumin da ya auna hanyoyin yankinmu na Donga da tafinsa. Ta ce, "Yi masa magana, Tanti, ya san muryarki."

Ni da nake cika minti arba'in ba numfashi, abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu Malam Moutari." Ita kuma ban faɗa mata komai kan sanarwar ba.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Kafin in kama hanya na shiga wurin Kawu. Yana zaure da carbi, Ziyad ba ya nan, an tura shi Cotonou wai wurin wani aiki. Na ce Kawu, a Kolokondé har yanzu ɓarawo ake ce wa bawan Allahn nan, ya kamata mu fito mu faɗi gaskiya.

Ya ce, "Mu? Ni cewa na yi a kira lamba. Takardata tana nan, ki karanta."

Gaskiya ya faɗa.

Ya sassauto ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, 'yar nan. Ziyad ƙaninki ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kika kama sunan gidan nan a rediyo, uwarki ce za ta kasa fita unguwa."

Na tashi ban yi masa sallama ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yin haka ba.

Talata, 12 ga wata, azahar, Djougou

Mako ɗaya. Bai farka ba.

Laraba, 13 ga wata, bayan shiri

Mounkaila ya daina tsokanata. A da kullum sai ya ce Hausata ta fi ta Kano yawan yaji, ni kuma in ce Yom ɗinsa ko Yom ba sa ganewa. Yau mun zauna muna cin sabuwar doya da mai, kowa idonsa a kwano. Can ya ce, "Yaya, ƙauyen nan Yom suke ji, ba Hausa ba. Muryata suka ji."

Na ce muryarka ce, amma maganata ce.

Ya ce da ya tambayi takarda. Na ce da na tambayi hatimi. Muka bar doyar.

Alhamis, 14 ga wata, da safe

Ina ta cewa kalma biyu kawai na ƙara. Ƙarya nake yi wa littafi ma. Jiya na sa mai kula da na'ura ya kunna mini abin da aka naɗa ran nan, na saurara ni kaɗai.

Bayan na ce a tare shi, na ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na ce masu hana makiyayi barci, Allah ya tona asirinsu. Har da 'yar dariya a ƙarshe, irin wadda nake yi in na ji magana ta zauna.

Magana zarar bunu ce. Sau nawa na faɗa wa masu saurare haka a shirin sulhun manoma da makiyaya.

Asabar, 16 ga wata, la'asar

Zoulaïha ta kira, muryarta har rawa take don murna. Ya motsa hannu. Ya buɗe ido kaɗan ya rufe. Likita ya ce a ci gaba da addu'a.

Na fita tsakar gida na rungumi maƙwabciyata ba ta san dalili ba. Na dafa shinkafa da miyar gyaɗa na ci har na ƙara. In ya tashi zan je in durƙusa gabansa in faɗa masa da bakina, ya yi mini abin da ya ga dama. Bayan haka zan kawo shi situdiyo ya ba da labarinsa da kansa, Direkta ya so ko ya ƙi.

Litinin, 18 ga wata, azahar

Ta sake kira, ba don jikinsa ba. Ta bar 'yarta Shakira a Kolokondé wurin kakarta, shekararta tara. Yarinyar ta je famfo, yara suka ture bokitinta suna ce mata 'yar ɓarawon shanu. Tun ranar ba ta fita ba.

Ta ce, "Tanti, ku da ake jin maganarku, ba za ki ce wani abu ba?"

Na ce ana bincike, an hana mu magana. Ta ce to, Allah ya sa a gama da wuri. Ba ta matsa ba. Na ajiye waya ina jin ƙyamar kaina.

Talata, 19 ga wata

Ruwa tun asuba. Hannun bai sake motsi ba.

Laraba, 20 ga wata, bayan la'asar

Na koma wurin Direkta. Na ce ba zan kama sunan kowa ba, cewa kawai zan yi mutumin yana da takarda. Ya ce après l'enquête. Na ce binciken nan da ƙafa yake tafiya ko da rarrafe? Ya ce in kula da bakina. Na ce ai da na kula da shi da ba mu zo nan ba.

Amma na shiga na karanta sanarwar taron masu man kaɗe, na fito. Bakin da nake fariya da shi a ofis kaɗai yake da kaifi.

Alhamis, 21 ga wata, hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jumma'a, 22 ga wata, bayan magariba

Jiya da la'asar aka kai shi makwancinsa a Kolokondé. Ban je ba. Na yi shiri, na sa mayafi, na fito har bakin titi, mai babur ya tsaya, na ce masa ya tafi.

Inna ta kira. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce dai in ci abinci. Kafin ta kashe ta ce, "Ni fita unguwa ba ta dame ni ba, Zinatu, ƙafata ma ciwo take." Ban san wa ya kai mata maganar zaure ba.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Na dawo daga Kolokondé. Hanya duk ta caɓe, sau biyu muka sauka muka tura babur.

Mutane kaɗan ne a gidan, kaɗan ƙwarai ga mutumin da aka haifa a garin. Zoulaïha tana ɗaki cikin takaba, ta rame kamar ba ita ba. Shakira tana manne da bayanta. Na yi gaisuwa, na jira mata biyu suka fita, na ce ina da magana. Ta tura yarinyar waje.

Na faɗa mata duka. Takarda ba hatimi, mai shanun kawuna ne, wanda ya sayar ƙanina ne, kuma cewa a tare shi ba ya cikin takarda, ni na sa. Na ce na zauna a tabarmarta na sha ruwanta ina ɓoye mata. Ina magana ina jiran ta yi ihu a fito da ni.

Ta dubi ƙasa ta ce:

"Na ji ki ran nan, Tanti. Ina tuƙa tuwo a nan tsakar gida, rediyo tana kan turmi."

Na kasa ɗaga kai.

"Da kika ce Allah ya tona asirinsu, na ce amin. Da ƙarfi na faɗa, har Shakira ta yi dariya. Shi kuma yana hanya da shanun, ban san kamanninsu ba, ba ya faɗa mini irin shanun da zai kora."

Ta ce tun a asibiti ta san muryar da ta yi sanarwar ce ta zo gaishe ta. Ba ta san ni na ƙara maganar ba, amma ko da ta sani, da wane baki za ta zage ni, ita da ta ce amin? Abin da ke hana ta barci ke nan, ba ni ba.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar Babana. Ita ba ta yi ba. Da na nemi gafara ta ce wannan sai ta yi tunani, ba za ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Amma sunansa ki mayar masa. Da Hausa, da Dendi, da Yom, yadda aka ɗauke shi. Yarinyar nan aure za ta yi wata rana a garin nan."

Litinin, 25 ga wata, da safe

Na faɗa wa Mounkaila abin da zan yi ƙarfe shida. Na ce ba dole ya bi ni ba, yana da iyali. Ya ce in rubuta masa a takarda wannan karon. Na rubuta, ya karanta sau biyu, ya sa a aljihu.

Litinin, bayan magariba

Na faɗa. Na ce Moutari na Kolokondé ba ɓarawo ba ne, aikinsa yake yi, takardarsa tana aljihunsa. Na ce shanun ɗan mai su ne ya sayar. Na ce sanarwar ba ta da hatimi, ni Zinatu na karɓe ta don kunyar dangi, kuma ni na ce a tare shi, ba wanda ya sa ni. Na ce daga yau duk abin da kuka ji a akwatin nan, ko ni na faɗa, ku tsaya ku duba takardar mutum. Ban sa karin magana ko ɗaya ba.

Direkta yana tsaye bayan gilashi, hannunsa kusa da na'ura, bai kashe ba. Mounkaila ya shiga ya karanta nasa, muryarsa ta karye a Yom ɗin amma ya kai ƙarshe. Muka buɗe layi minti goma kamar kullum. Ba wanda ya kira.

An ce in zauna gida sai kwamitin rediyo ya zauna. Kawu ya aiko cewa kada ya ƙara ganin ƙafata a Ganou. Polis suna son ganina ran Alhamis.

Laraba, 27 ga wata, azahar

Wayar Zoulaïha ba ta shiga, sai na kira yayanta. Ya ce an ji a Kolokondé, a kasuwa ma ba a da wata magana. Jiya mutane suka yi ta shigowa gaisuwa, har waɗanda ba su je jana'iza ba. Shakira ta je famfo da safe ta dawo da ruwanta.

Na ce ita fa, ta ji?

Ya ce an faɗa mata, ta ce ta yarda na faɗa. Amma da kunnenta ba ta ji ba. Tun ranar da ta dawo daga Parakou ta cire batiran rediyon ta sa shi ƙarƙashin gado, ta ce a gidanta ba za a ƙara kunna shi ba.